IYA TA ARIKYA: SHEKARA CASA'IN DA BIYAR A BAKIN HANYA

Ga cikakken jawabin da mataimakin editan wannan shafi ya yi a Agege, wurin taron addu'a da 'yan asalin ƙasar Lafiya mazauna Ikko suka shirya wa kakarsa, wadda Allah ya yi wa rasuwa a Arikya cikin damunar 1447, watau 2025.



Kafin in ce kome, wajibi ne in gode muku. Na san waɗansunku sun rufe shago, waɗansu sun bar mota a layi, waɗansu kuma daga aikin gadi suka zarce nan ko runtsawa ba su yi ba, duk domin wata tsohuwa wadda yawancinku ba ku taɓa gani ba. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan naku da suka riga mu gidan gaskiya.

An ce in faɗi tarihinta. To, ni ba malami ba ne, ba kuma maroƙi ba. Aikina a gidan jarida shi ne gyaran rubutun waɗansu, in duba suna, in duba kwanan wata, in yanke abin da ya yi yawa. Saboda haka ku yi mini haƙuri idan na bi da ku ta hanyar da na saba, watau ta lissafin shekaru. A ƙarshe kuma akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar da na dawo daga gida, wadda nake ganin ta shafi kowane ɗayanmu da ya baro tsohuwa a Arewa.

Ba zan faɗi sunanta na yanka ba, gama a gidanmu ba a faɗarsa. Iya muke ce mata, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, har da maƙwabta, har da Fulanin da ke kawo nono. Ita ta haifi mahaifina, ita kuma ta rene ni, don haka a wurina uwa ce, kaka ce.

YADDA MUKA ƘIDAYA SHEKARUNTA

Iya ba ta da takardar haihuwa. In ka tambaye ta shekarunta sai ta yi dariya ta ce, "Wa ya aike ni ƙirga abin da ba ni na saya ba?" Amma fa tana da irin nata lissafin, wanda ba ya kuskure, ta hanyar abubuwan da suka faru a ƙasa.

Ta ce uwarta ta gaya mata tana goye aka yi ta labarin Turawa sun gama gadar Makurɗi, jirgin ƙasa ya daina tsayawa a bakin Binuwai yana jiran a haye da shi. Na duba, an buɗe gadar nan a cikin 1932. Ta ce tana budurwa aka zo ɗiban gwamna, aka tafi da wanta haƙar kuza a kan dutsen Jos, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya mutu. Wannan aikin tilas an yi shi ne daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sanyin Filato ya ci mutane da yawa. Ta ce shekarar da sojan Bama suka komo gida da manyan takalmansu aka ɗaura mata aure, watau 1946. Ta ce kuma da cikin fari a jikinta rana ta yi husufi da yamma, kaji suka nufi akurki, yara suka fita suna kaɗa gwangwani, malamai suka tsaya salla. Husufin nan ranar 20 ga Mayu ne, 1947, kuma bayansa da 'yan watanni aka haifi mahaifina.

Da na haɗa waɗannan duka sai na ga haihuwarta ba za ta wuce 1930 ko 1931 ba. Ke nan ta yi wajen shekara casa'in da biyar a duniya. Ranar da na kai mata wannan lissafi ina ta alfahari, sai ta dube ni ta ce, "To, yanzu da ka sani, an ƙara mini ko an rage?"

Ku duba abin da ya wuce ta gabanta. An haife ta ƙasar Lafiya tana cikin Lardin Binuwai, zamanin En'e da Di'o. A 1967 aka ce mata ita 'yar Jihar Binuwai da Filato ce. A 1976 aka ce Jihar Filato. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka ce Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama hedkwata. Takan ce sau uku ana yi mata ƙaura alhali kuwa ko tabarmarta ba ta naɗe ba. Ta yi ciniki da anini da kwabo mai huji da sule da fam, ta ga zuwan naira a 1973, ta kuma sha wahalar canjin kuɗi na 1984 kamar kowa. Ta ga hawan Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai, ta ga mulkinsa na shekara arba'in da ɗoriya, ta kuma ji rasuwarsa a watan Janairun 2019, ta ce, "Allahu Akbar, yaron nan ma ya tafi." A 1979 ta bi layi ta jefa ƙuri'a tare da sauran matan Arewa, waɗanda a Jamhuriya ta Farko ba su da wannan dama, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya san wa ta zaɓa.

SANA'ARTA DA HALINTA

Ga waɗanda ba su san Arikya ba, gari ne na manoma a ƙasar Lafiya, ƙasar doya da dawa da riɗi da agushi, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, inda kuma yaro kan tashi da harshe biyu ko uku a bakinsa. A nan Iya ta yi rayuwarta duka.

Tana da ƙuruciya fataucin gishiri ta yi. Su kan haɗu ayari na mata su yi tafiyar kwanaki a ƙasa zuwa Keana, inda matan Alago ke dafa gishiri tun kaka da kakanni, su saro, su ɗauko a ka, su zo su sayar a kasuwannin ƙauye da awo. Da ƙafa ta fara gajiya sai ta zauna gida ta kama daddawa da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Da kuɗin ƙuliƙulin nan aka saya mini wandon makaranta na farko, da shi aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ita ce uwar adashin unguwarmu shekara da shekaru, mata kusan ashirin, kuma ba a taɓa jin kwabon wata ya yi ciwon kai ba. Lissafinta a ka yake, da 'yan tsakuwa a cikin ƙoƙo.

Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne ungozomanci. Tsakar dare za a buga ƙofa, ta yafa gyale, ta ɗauki fitilar ƙwai, ta bi mai kira. Ba ta tambayar gidan wane ne, ko wace salla ake yi a gidan. Ta yanke cibiyar 'ya'yan Hausawa da na Egon da na Fulani, tana kuma jin harsunansu gwargwadon abin da za ta lallashi mai naƙuda. Da asibiti ya matso kusa, ita ce ta fara korar mata zuwa awo, in kuwa ta ga haihuwa ta zo da gardama ba ta tsayawa jarumta, sai ta ce a nemo mota. Ta ce mini sau ɗaya, "Abin da ya fi ƙarfin hannuna, ba ya fi ƙarfin bakina ba. In ban iya ba sai in faɗa."

Akwai labari guda da ta sha ba mu. A cikin 1966, lokacin tashin hankali, ta je cin kasuwa Lafiya sai ta tarar da tashar jirgi cike da mutane. Jirgi na gangarawa Kudu da mutanen Gabas masu gudun ransu, wani kuma na haurowa da 'yan Arewa waɗanda suka baro Fatakwal da Inugu da abin da ke jikinsu kaɗai. Ita da waɗansu mata suka riƙa ɗebo ruwa suna miƙawa ta taga. Da wani ya ce musu su lura da jirgin da suke ba ruwa, sai ta ce masa, "Ƙishirwa ba ta da yare. Kowanne a cikinsu wata ce ta yi naƙudarsa." Mu da muke zaune a ƙasar mutane ya kamata mu riƙe wannan, domin ba mu san ranar da za mu zama mu ne a bayan taga ba. Haka kuma lokacin rikicin da ya auku a ƙasar Lafiya cikin 2013 da 2014, da muka matsa mata ta koma cikin birni wurin dangi, ƙi ta yi. Ta ce duk wanda zai zo da makami, in ɗan yankin ne, ita ta fara yi masa wanka.

Kada ku zaci waliyyiya nake ba ku labari. Iya tana da faɗa, tana da riƙo. Ta yi shekara uku ba ta magana da wata ƙanwarta a kan tukunyar ƙarfe guda ɗaya. Tana da son kai wajen jikoki, ba ta ma ɓoyewa, kuma da yake ni ne na ci moriyar son kan nan, ban taɓa kai ƙara ba.

NI DA MATATA TA FARI

Yadda na zo hannunta kuwa, ta hanyar al'ada ce. An haife ni a Lafiya cikin 1990. Da lokacin yaye ya yi aka kai ni wurinta, a kan in yi 'yan makonni in manta da nono a mayar da ni. Da aka aiko ɗaukata sai ta ce mijinta ba ya zuwa ko'ina. Kun san wasan jika da kaka: ita matata ce, ni maigidanta. In na dawo daga makaranta sai ta ce, "Maigida, ina cefane?" In ce mata na sake ta, na sami yarinya. Ta ce, "Je ka, wa zai kwashi miji mai majina?" Haka muka zauna har na gama firamare, ko da na tafi sakandare kuma, wurinta nake hutu. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ni dai shaida ne.

Mahaifina kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma sakin fuska in yana wuri. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin Kurmi." Ya bar gida a 1971, bayan an gama yaƙin basasa, ya fara da dakon goro a Shagamu, daga baya ya dawo nan Agege ya kafa tebur. Tun daga ranar Iya ta shiga sana'ar da ta fi daɗewa a cikinta, wadda ba a biyan kowa a kanta, watau jira.

Da fari wasiƙa ce. Zai je wurin mai rubutu a bakin gidan waya ya faɗa a rubuta, takarda ta yi makonni a hanya, ta iso Lafiya, a ba direba, direba ya ba ɗan kasuwa. Sai ta kira ɗan makaranta ya karanta mata, tana jin kunya tana kau da kai kamar ba da ita ake ba, in an gama kuma ta ce a sake daga farko wai ba ta ji sosai ba. Daga baya aka shiga zamanin kaset, ya riƙa ɗaukar muryarsa yana aikowa. Na sha farkawa da dare in ji ta kunna rediyon a hankali, ta kara a kunne, ita da ba ta iya duban idonsa da rana. Amma duk shekara, in azumi ya raba tsakiya, yakan zo da kansa, ya yi Salla, ya gyara mata danga, ya koma.

A cikin 2011 ciwo ya kama shi a nan Agege, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Waɗansu daga cikin dattawan da ke zaune a gabana yanzu su suka yi masa wanka, su suka sallace shi, su suka kai shi makwancinsa. Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Ni aka ɗora wa kai labari gida. Da na durƙusa a gabanta na kasa magana, sai ta riga ni. Ta ce, "An yi masa sutura yadda ya kamata?" Na ce an yi. Ta ce, "Mutane sun taru?" Na ce sun taru. Ta yi shiru, sa'an nan ta kira sunansa, sau ɗaya, ta ce Allah ya jiƙansa. Ran nan na fara jin sunan ubana a bakinta, ban kuma sake ji ba.

'Ya'ya tara ta haifa. Uku ƙyanda da zazzaɓi suka ɗauke tun suna ƙanana, uku suka rasu da girmansu, uku ne suka yi mata rakiya. Idan muna roƙa wa iyayenmu tsawon rai, mu san abin da ke cikin ƙunshin, domin mai dogon kwana shi ke zaman makokin waɗanda ya so su yi nasa.

BABBAN GIDA DA ƘARAMI

Wannan kuwa bai bar gidan sarauta ko na mulki ba. Ku tuna da Hajiya Dada ta Katsina, wadda ta rasu ran 2 ga Satumba, 2024, jaridu suka ce tana da shekara 102. Mijinta, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, har yau kuma akwai titi mai sunansa a Victoria Island. Ɗanta Janar Shehu ya zama na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979. Ɗanta Umaru ya yi gwamnan Katsina shekara takwas, ya zama Shugaban Ƙasa a 2007. A idon duniya babu uwar da ta kai ta sa'a.

Amma ku juya ɗaya gefen. Mijin ya rasu a 1993. Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin Disamban 1997, nesa da gida, nesa da ita, gawarsa aka kawo mata. Umaru ya yi watanni yana jinya a Jidda ƙasa duka tana ta ka-ce-na-ce a kansa, ya rasu a Abuja ran 5 ga Mayu, 2010, shi ma gawarsa aka kai Katsina. Bayan wannan ta ƙara shekara goma sha huɗu a duniya.

Ranar da aka yi sanarwar rasuwarta na buga wa Iya waya na ba ta labari, na lissafa mata muƙaman 'ya'yan. Ba ta kula da muƙaman ba. Abin da ta tambaya shi ne, "Nawa ta binne?" Da na gaya mata waɗanda na sani, sai ta ce, "Allah sarki, 'yar'uwata ce." Daga nan ta ce, "Kai kuma yaushe za ka zo?"

ABIN DA KE CIKIN ƘWALLA

To, jama'a, ga maganar da na ce ta tsaya mini.

Na zo Ikko a 2009. Shekarun farko ina zuwa gida kowace Salla. Da na yi aure, iyali suka ƙaru, haya ta hau, kuɗin mota ya ninka, sai zuwa ya koma shekara-shekara, sa'an nan ya koma in an sami hali. Ban yanke zumunci ba, a ganina. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 magana ta yi sauƙi, kuma duk ƙarshen wata nakan tura kuɗi, wani ƙanena ya je wurin mai POS ya ciro ya kai mata. Abin da wasiƙar ubana ke yin makonni kafin ta isar, ni cikin minti ɗaya nake yinsa. Sai na riƙa gaya wa kaina na fi shi kula da ita. Alhali kuwa shi duk shekara tana ganin fuskarsa, ni kuwa rabona da Arikya shekara uku cur.

Duk wayar da muka yi da abu ɗaya take rufewa: "Maigida, yaushe za ka zo?" In ce bayan Salla. Bayan Salla in ce in an yi albashi. In an yi albashi in ce hanya ba kyau, a bari ruwa ya ɗauke. Ba ƙarya nake yi ba, kowane dalili gaskiya ne. Ku ma kun san su, domin naku ne.

Ranar wata Talata da asuba waya ta yi ƙara. Kafin in kai tashar mota an yi mata wanka. Muna Badun aka sallace ta. Kafin mu kai Lakwaja an dawo daga maƙabarta har an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Ba wanda ya yi mini laifi, haka addini ya ce, ba a ajiye gawa domin matafiyi. Daga Ikko zuwa Lafiya, ta Okene da Lakwaja da Abuja da Keffi da Akwanga, tafiya ce ta fiye da sa'a goma sha biyu in hanya ta yi kyau. Na isa washegari, ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ita ba ta ga gawar ɗanta ba saboda nisan Kurmi, ni ma ban ga tata ba saboda nisan nan dai.

Bayan sadakar uku gwaggona ta kira ni ɗakin Iya, ta jawo wata tsohuwar ƙwalla daga ƙarƙashin gado. Likkafaninta a ciki yake dā, ita ta saya da kuɗinta tun shekaru, an riga an ɗauka. Abin da ya rage shi ne wasiƙun ubana ɗaure da zare, da kaset biyu, da kwabo mai huji guda ɗaya, da wani ƙullin tsumma. Gwaggo ta ce in kwance. Kuɗi ne, 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, an jera su an lanƙwasa. Ta ce duk watan da na aiko, Iya takan zare wani abu ta sa a nan, ko da kuwa za ta rage cefane. In an tambaye ta sai ta ce, "Kuɗin motar maigidana ne. Ya ce kuɗin mota ke hana shi." Ta so ta aiko mini, sai kuma ta ji tsoron kada in ji kunya.

Na ƙirga. Sun isa zuwa da komawa, har da na tsaraba.

Ranar sadakar bakwai jikoki suka yi wasansu kamar yadda aka saba in tsoho ya cika da kyau. Wata ta ɗaura zanenta, ta ɗauki sandarta, tana tafe tana faɗa irin nata, mutane na dariya suna ba da kuɗi. Ta zo gabana ta ce, "Maigida, sai yanzu?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don kada in ɓata wa yara wasa.

ROƘONA GARE KU

Ban faɗi wannan don ku ji tausayina ba. Nawa ya riga ya wuce, sai neman gafara. Na faɗa ne saboda na san a cikin taron nan akwai mutum fiye da hamsin da ke da tsohuwa a gida, a Lafiya ko Doma ko Keffi, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi. Ba kuma cewa nake mu tattara mu koma ba. Neman halali ya kawo mu, da guminmu na nan ake cin tuwo a gidaje da yawa a can. Amma ina da roƙo huɗu.

Na farko, mu sa ranar zuwa gida, mu faɗa wa tsohuwa ranar, mu riƙe ta kamar yadda muke riƙe ranar biyan haya. Mai gida ba ya karɓar "in an sami hali," amma uwa tana karɓa, shi ya sa muke cutarta. Zumunta a ƙafa take.

Na biyu, ga shugabannin wannan zama. Muna da asusun da muke tarawa domin kai gawa da zuwa ta'aziyya, kuma abu ne mai kyau. Ina roƙo a buɗe na biyu, ko da adashi ne, wanda mutum zai ɗauka ya je ya gaida iyayensa suna da rai. In mun iya haɗa wa mutum kuɗin mota ya je ya zauna a kan tabarmar makoki, za mu iya haɗa masa ya je ya zauna a kan tabarmar hira. Kuɗin da na samu a ƙwallar Iya na kawo su, suna hannun ma'aji, a fara da su.

Na uku, in za mu je mu tafi da yara. Da yawa daga 'ya'yanmu an haife su a nan, Yarbanci da Turancin kasuwa sun fi Hausa zama a bakinsu. Ba laifi ba ne su iya harshen maƙwabta, Iya ma ta iya. Amma abin takaici ne a miƙa wa yaro waya ya kasa gaida kakarsa. 'Yata ta fari sunan Iya ta ci, sau ɗaya tak suka ga juna, tana jaririya.

Na huɗu, wayar nan da ke aljihunmu tana ɗaukar murya. In kun je ku ajiye ta kusa da tsohuwa ku tambaye ta: wa ya haifi wane, daga ina aka taso, ina iyakar gona, wa ake bi bashi, wa ke binmu. Ni da nake aikin jarida, na gyara labarin mutane dubu, amma ba ni da muryar Iya ko ta minti ɗaya. Abin da na ba ku yau guntattaki ne da na tsinta a ka, sauran ya bi ta.

Waɗanda kuwa nasu suka riga suka tafi, kamar ni, malamai sun gaya mana ƙofa ba ta rufe ba. Akwai addu'a, akwai sadaka, akwai biyan bashin da suka bari da cika alkawarin da suka ɗauka, akwai kuma kyautata wa ƙawayensu da danginsu. Ƙanwar nan tata da suka yi faɗa a kan tukunya tana nan da rai, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Na yi mata alkawari Sallar Layya a gabanta zan yi, in Allah ya kai mu, kuma na faɗa a gabanku ne domin in kun gan ni a Agege ranar, ku tambaye ni.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ruwan da ta miƙa ta tagar jirgi da daren da ta raba a ɗakunan masu naƙuda su zama haske a kabarinta. Allah ya jiƙan mahaifina da ke kwance a ƙasar nan, da dukkan iyayenmu da suka rigaya. Waɗanda ke raye kuma Allah ya ƙara musu lafiya, ya ba mu ikon zuwa mu same su a zaune. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.